Yadda Zaka Zauna Ka Fitar Da Gwanaye Da Na Baya A Komik Ɗin Jarumai Idan Shekara Ta Ƙare

Duk wanda yake bin komik ɗin jarumai, wato littattafan labarin zane da suke fitowa lamba-lamba, irin su Batman da Spider-Man da X-Men, ya san wannan abin da yake taso wa mutum da zarar Disamba ta kama, sai kaji kana so ka zauna ka ce wannan ne ya fi kowa a bana, wancan kuma shi ne ya ɓata min lokaci. Nima duk shekara sai nayi, kuma abin da na lura dashi shine yawancinmu ba shekarar muke aunawa ba, wata biyun ƙarshe kawai muke aunawa, saboda su ne suke da zafi a kai. Labarin da ya hana ka barci a watan Maris ka manta dashi, wanda ka karanta shekaranjiya shi ne ya ɗare saman layi. Wannan rashin adalci ne ga mutanen da suka yi wahalar aikin, shi yasa nace bari in faɗi yadda nake bi.

Abu na farko, kuma shi ne ginshiƙin komai, lissafin ƙarshen shekara tun Janairu ake fara shi. Ka samu littafin rubutu ko ka buɗe wani shafi a wayarka, duk fitowar da ka karanta ka rubuta sunanta da lambarta da ranar da ka karanta, sannan layi ɗaya ko biyu na abin da kaji a ranka a daidai lokacin, kafin ka ji ra'ayin kowa. Ba sai kayi dogon sharhi ba, ko "shafi na 14 ya tsaya min a rai" ka rubuta ya isa, ko "na gama ban tuna me ya faru ba". A Amurka ranar Laraba ake sakin sababbin komik duk mako, toh idan kana bin jerin labarai goma ma kawai, kowanne yana fitowa sau ɗaya a wata, kafin shekara ta ƙare ka karanta fitowa 120, ba wata ƙwaƙwalwa da zata riƙe maka wannan da gaskiya. In kuma baka rubuta ba bana, kada ka fasa, ka ɗauko duk abin da ka tara ka jera su wata-wata, ko ka duba tarihin karatunka a manhajar da kake amfani da ita, ka bi bangon kowanne da ido ka ga wanne ne zuciyarka ta motsa.

Daga nan sai ka yanke wa kanka iyakar shekarar, domin nan ma akwai ruɗani. Kwanan watan da ake bugawa a bangon komik yawanci yana gaba da ranar fitowarsa da kusan wata biyu, tsohuwar al'ada ce ta masu buga mujallu don kada mai shago ya ga ta tsufa ya sauke ta da wuri. Action Comics na 1, inda Superman ya fara bayyana, Yuni 1938 aka rubuta a bangonsa amma a Afrilu ya shiga kasuwa. Saboda haka kada ka bi bango, ka bi ranar fitowa. Sannan in kana karatu ta Marvel Unlimited, manhajar karanta komik ta kamfanin Marvel, ka san sababbin fitowa sai bayan wata uku suke shiga, kenan abin da ya fito a Oktoba zuwa Disamba bazaka gani ba sai baɗi. Ni dai shawarata ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ko dai "abin da ya fito bana" ko "abin da na karanta bana", ka kuma faɗa wa duk wanda zaka nuna wa jerin naka tun farko. Akwai kuma matsalar labarin da ya fara a ƙarshen shekara, misali Absolute Batman ya fara ne a Oktoba 2024, fitowa uku kacal yayi kafin shekarar ta ƙare, duk yadda ya burge ka ba daidai bane ka haɗa shi a ma'auni ɗaya da Ultimate Spider-Man wanda ya fara tun Janairu na shekarar ya yi ta zuba har Disamba. Irin wannan ka ware masa gurbin sabon shiga, hukuncinsa na gaskiya sai shekara mai zuwa.

Yanzu ga inda nafi so mu daɗe. Kafin ka ba kowa lamba, ka sake karantawa. Ba duka ba, waɗanda kake ganin zasu shiga goman farko da waɗanda kake shirin jefawa ƙasa, su zaka ɗauko ka karanta a jere daga farko zuwa ƙarshe, zama ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, fitowa ɗaya yawanci shafi 20 ne na labari, kuma marubuta da yawa yanzu suna tsara labarinsu ne don kundin da zai haɗa fitowa biyar ko shida, shi yasa wata-wata sai kaga kamar ba'a tafiya, mutum biyu suna ta hira a ɗaki har shafi ya ƙare, amma da ka haɗa su sai kaga ashe gini ake yi a hankali. Akwai kuma akasin haka, wanda duk wata yake ƙarewa da wani abin tada hankali a shafin ƙarshe har ka ƙosa wata ya zagayo, amma da ka karanta a jere sai kaga ba komai a ciki sai wannan jan ran, an buɗe ƙofofi goma ba'a rufe ko ɗaya ba. Akwai shekarar da na riga na sa wani labari a na ɗaya a raina tun watan Yuni, da na sake bi a Disamba sai na tarar fitowa biyun farko ne kawai suke da rai, sauran doki ne ya ɗauke ni, wallahi sai da abin ya dame ni amma haka na sauke shi zuwa na bakwai, domin gani ya kori ji.

A wannan karatu na biyun ka gwada wani abu, ka bi fitowa ɗaya ba tare da ka karanta ko kalma ɗaya ba, zanen kawai. Ka gane wa yake fushi, wa yake ƙarya, daga ina naushin ya fito ya sauka a ina, idonka ya san gidan hoton da zai bi a shafin bayan wannan ko kuwa sai ka tsaya kana neman hanya? In ka fahimci labarin a haka toh mai zanen ya iya aikinsa. Mu masoya muna da wata ɗabi'a ta jingina komai ga marubuci, a ce littafin wane ne, alhali komik da ido ake cinsa. Wanda yake son ganin iyakar abin da zane zai iya ya nemi Hawkeye na 11 na shekarar 2013, wanda Matt Fraction ya rubuta David Aja ya zana, duk labarin ta idon kare aka bada shi, maganar mutane ma kaɗan karen yake ganewa sauran an mayar da ita alamomi da ƙamshi da hotuna, kuma fitowar ta ci kyautar Eisner, babbar lambar yabo ta masu komik, ta fitowa ɗaya mafi kyau a 2014. Irin wannan fitowar guda ɗaya tak nake so ka nema a cikin shekararka, wadda zaka iya miƙa wa wanda bai taɓa karanta komik ba ya karanta ya gamsu.

Kuma in zaka yaba ka buɗe shafin sunaye ka kira kowa da sunansa. Akwai marubuci, akwai mai zanen fensir, akwai mai bi da tawada, akwai mai kala, akwai mai rubuta haruffa da jera maganganu a cikin zane, sai edita. Mai kala shi ne yake sa kaji sanyin dare a Gotham, birnin Batman, ko zafin wuta a filin yaƙi, kuma sau da yawa abin da kake cewa "zanen nan yayi kyau" rabinsa aikinsa ne. Mai haruffa kuwa in ya iya aiki baka ma lura dashi, sai ranar da ka haɗu da wanda bai iya ba, ka karanta amsa kafin tambaya, ko magana ta rufe fuskar mutum. Kyautar Eisner da ake bayarwa tun 1988, a babban taron komik na San Diego a watan Yuli, tana da gurbi daban na mai kala da na mai haruffa da na mai zanen bango, kaima ka kwaikwayi wannan ko da layi ɗaya-ɗaya ne. Wannan maganar tana da nauyi a wajena saboda tarihin sana'ar nan cike yake da mutanen da aka danne, Bill Finger da ya taka babbar rawa wajen ƙirƙirar Batman a 1939 ya rasu a 1974, sai a 2015 aka fara sa sunansa a hukumance tare da na Bob Kane, wanda shi kaɗai ake ambata a da. Mu masu karatu ƙaramin abin da zamu iya shine mu faɗi sunan wanda yayi aikin.

Wajen rabon gurabe kada ka cika su da yawa, huɗu ko biyar sun isa: labari mai ci gaba, gajeren labari mai iyaka, fitowa ɗaya, sabon shiga, sai mai zane. In shekarar ta kawo sabon jarumi da ya tsaya da ƙafarsa ka bashi nasa, domin abu ne mai wuya, yadda jaruma Kamala Khan ta samu nata littafin a 2014, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, ta kuma zauna daram har yau, ba kowace shekara ake samun irin haka ba. Sannan ka leƙa wasu kamfanonin ban da manyan gidajen nan biyu, Marvel da DC ba su kaɗai suke yin jarumai ba, kamfanin Image da aka kafa a 1992 shi ya fitar da Invincible wanda yayi fitowa 144 daga 2003 zuwa 2018. In duk jerinka gida ɗaya ne ka faɗi gaskiya cewa nan kaɗai ka karanta.

Toh sai ɓangaren na baya, wanda shi ne mutane suka fi yi da son zuciya. Ni ina raba shi gida biyu kuma bana yarda su cakuɗe. Akwai wanda aikin ne bai yi kyau ba, zane a hargitse, jarumi yana yin abin da ba halinsa ba don kawai labari ya samu hanya, ƙarshe a gaggauce. Akwai kuma wanda ya baka kunya ne kawai saboda ka sa masa rai da yawa, aikin matsakaici ne amma kai ka zata zai girgiza duniya. Na biyun nan laifin rabinsa na talla ne rabinsa naka, bai kamata ya zauna a layi ɗaya da na farkon ba. Sai abu na uku da ba ya cikin ko ɗaya, wato labarin da aka yi shi da kyau amma ba irin naka bane, ko an canza wa jarumin da kake so kaya ko matsayi ranka ya ɓaci. Wannan ka ajiye shi gefe, ka ce ba nawa bane, kada ka kira shi mafi muni. Ƙa'idata ɗaya ce, duk abin da zan sa a na baya sai na karanta aƙalla kashi ɗaya cikakke na labarinsa, kuma sai na iya nuna shafi in ce ga inda ya karye. Hoton gida ɗaya da aka yanko ana ta yawo dashi a Facebook ba hujja bace, sau nawa zaka je ka karanta cikakken shafin kaga maganar ba haka take ba.

Kuma ka soki aikin, ka bar mutumin. Mai zanen da kaga hannunsa ya lalace a fitowa ta biyar wataƙila an bashi mako biyu ne ya gama aikin wata guda, ko kuma ɗan riƙon ƙwarya ne aka kira da daddare saboda na asalin ya makara. Marubucin da ya dunƙule ƙarshen labarinsa a fitowa ɗaya, sau da yawa soke littafin aka yi saboda ciniki bai yi ba, ya tsara fitowa 20 aka ce masa ya rufe a ta 10. In ka ga alamar haka ka faɗa, hukuncin yana nan amma ya sauka inda ya dace.

Manyan labaran haɗaka, waɗanda ake tara duk jarumai a ce duniya zata tashi, su kam sai ka yi musu awo na musamman. Ka fara da karanta uwar labarin ita kaɗai ba 'yan rakiya. Labarin Civil War na Marvel na 2006 zuwa 2007 fitowa bakwai ce uwar, amma 'yan rakiyar da suka ratsa sauran littattafai gommai ne. Tambayar ita ce, in na karanta uwar kawai na fahimta, ko kuwa an ɓoye muhimmin abu a wani littafin don dole in saya? Tambaya ta biyu, me wannan taron yayi wa ƙananan littattafan da nake so? Wannan shi ya fi ƙona min rai, kana cikin bin wani labari mai natsuwa yana tafiya daidai, kwatsam sai a katse shi wata uku a tura jarumin wani yaƙin da babu ruwansa dashi, kafin ya dawo zaren ya tsinke. In hakan ta faru laifin na taron ne, ka rubuta shi a kansa, kada ka rage wa ƙaramin littafin maki.

Mutuwar jarumi ma kada ta ruɗe ka ka ba labari lamba. An kashe Superman a ƙarshen 1992 ya dawo a 1993. An kashe Captain America a 2007 ya dawo a 2009. Jason Todd, Robin na biyu, wato mataimakin Batman, masu karatu ne da kansu suka kaɗa masa ƙuri'ar mutuwa ta wayar tarho a 1988 da ratar ƙuri'a 72 kacal, shima ya dawo a 2005. Barry Allen, jarumin da ake kira Flash, da ya mutu a labarin Crisis on Infinite Earths a 1985 ya daɗe kam, sama da shekara 20, amma a 2008 sai gashi. Tunda kowa ya san za'a dawo, abin aunawa shine me mutuwar ta fito dashi daga waɗanda aka bari, kukan wa ya taɓa ka, wa ya ɗauki nauyin da mamacin ya bari kuma ya ya ɗauke shi. In an kashe mutum fitowa ta gaba kowa ya ci gaba da harkarsa kamar ba'a yi ba, toh talla ce kawai, ka sa ta inda talla take zama. Haka sake lale da komawa lamba 1, a Satumba 2011 DC ta mayar da littattafai 52 lamba ta farko gaba ɗaya, a 2016 kuma ta dawo wa Action Comics da Detective Comics da tsohon lissafinsu, har Action ya kai 1000 a 2018. Lamba 1 a bango bata nufin sabon abu, ka duba ko labarin ya canza ko fenti aka sake.

Alƙaluman ciniki ka kalle su amma kada su yi maka hukunci. Shekaru da yawa abin da ake ƙirgawa shine odar da masu shaguna suka yi, ba yawan waɗanda suka karanta ba, kuma buga fitowa ɗaya da bango kala-kala yana kumbura lissafin tunda mutum ɗaya zai sayi uku ko huɗu ya ajiye a leda. X-Men na 1 na 1991 ya fito da bango biyar ya wuce kwafi miliyan 8, har yau ba'a kamo shi ba, amma yawancinsu masu tarawa ne suka kwashe da zaton zai yi tsada, bayan 'yan shekaru kasuwar ta faɗi har Marvel ta shiga fatara a Disamba 1996. Littafin da aka soke a fitowa ta takwas yana iya zama shi ne gwanin shekararka, kuma in haka ne ka ɗaga shi sama ba kunya, irinsu suka fi buƙatar a ambace su.

Wajen jerawa ni bana amfani da maki, biyu-biyu nake haɗa su in tambayi kaina, in ɗaya kawai zan iya riƙewa in bayar da ɗayan, wanne zan riƙe? Haka zaka yi ta yi har layi ya daidaita da kansa. Kada ka duba jerin wasu sai ka gama naka, domin da zarar kaga kowa ya sa wani abu a na ɗaya zaka fara shakkar idonka. In ka gama ka ajiye shi kwana uku ka dawo, yawanci na ɗaya da na ƙarshe basa motsi, na tsakiya ne suke musanya. Kuma ba dole bane su kai goma, in shida ne suka cancanta ka tsaya a shida, na baya kuma uku sun isa.

In zaka rubuta wa abokai ko ka karanta musu, kowanne ka bashi dalili ɗaya da za'a iya taɓawa, ka ce fitowa kaza, wurin da wane ya cire abin rufe fuskarsa a gaban wane, ko yadda mai kala ya bar shafi biyu da ja da baƙi kawai, maimakon "yayi daɗi sosai". Ka yi gargaɗi kafin ka fasa ƙwan ƙarshen labari, musamman tunda wasu kundi suke jira kuma kundin kan zo ne watanni bayan fitowar ƙarshe. Ka kuma faɗa wa mutum daga ina zai fara, lamba nawa, kuma ko sai ya karanta wani abu kafin nan.

Sannan ka jira Larabar ƙarshe ta Disamba ta wuce kafin ka rufe, akwai labaran da a makon nan suke kammalawa kuma fitowar ƙarshe tana iya ɗaga littafi ko ta kayar dashi. Da ka rufe sai ka ɗauki jerin na bayan nan ka kwatanta da abin da kake saya duk wata, duk wanda ya shiga ciki kuma har yanzu kana biyan kuɗinsa don kawai kada lambobinka su yi giɓi, ka cire shi, ka ba gurbinsa ga wani littafi na mai zanen ko mai kalar da ya fi burge ka bana. Sai ka buɗe sabon shafi ka rubuta Janairu a sama.